Ta Ƙofar Gaba

Litinin, 13 ga Janairu

Yau an fitar da gawar Mista Thibault ta ƙofar baya. Ta wajen tankunan shara, inda motar kayan miya take tsayawa. Shekarata ashirin da tara ina wanki a Gidan Tsofaffi na Saint Odile, ban taɓa ganin haka ba.

Tun zamanin da sistocin coci ke riƙe da wurin, in mutum ya rasu a gidan nan, ƙararrawar tagulla ake kaɗawa sau uku. Kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, masu jinya da 'yan kicin da ni daga ɗakin wanki, har tsofaffin da ke iya fitowa. Mu jeru a jikin bango hagu da dama. A lulluɓe mamacin da Bargon Rakiya, a turo shi a hankali ta tsakiyarmu har ƙofar gaba. Ta nan ya shigo, ta nan zai fita. Duka abin ba ya cin minti goma.

Yau babu ƙararrawa. Na fito zubar da shara ne na ga Albert Fortin mai gidan jana'iza yana tura shi cikin baƙar leda, tayar gadon tana maƙalewa a dusar ƙanƙara. Ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Darlene, takarda aka ba ni."

Ni kuma, jarumar mata, na ce "To," na koma ciki na ci gaba da ninke tawul.

Laraba, 15 ga Janairu

Ga takardar can manne a ɗakin hutunmu, da sa hannun Mista Whitcomb, sabon manaja. Wai ganin gawa a ƙofar gaba yana tayar wa masu zuwa neman ɗaki hankali.

Wata bakwai ke nan da aka sayar da mu. Wani kamfanin masu zuba jari ne, can a birni mai dogayen benaye. Sana'arsu ke nan: su sayi gidan tsofaffi ko asibiti, su rage ma'aikata, su sayar da filin da ginin yake kai, bayan 'yan shekaru su sayar da abin da ya saura su yi gaba. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu. Noreen ta kicin tana ce musu Aljanun Bene.

Abin yana ɗaure mini kai, gaskiya. Mutum yana zaune can nesa, bai san sunan Mista Thibault ba, bai san ba ya shan kofi sai da sukari cokali uku ba, amma yana da ikon sauya masa ƙofa.

Alhamis, 16 ga Janairu

Meme Bolduc ta aiko in zo ɗaki na goma sha huɗu. Jeannine ne sunanta, amma duk gidan Meme muke ce mata, don kakar kowa ce. Shekara casa'in da uku. Arba'in da ɗaya daga ciki a masana'antar takalma ta yi su tana ɗinki, yatsunta duk sun karkace, amma har gobe in ta riƙe allura sai ka tsaya kallo.

Ita ta yi Bargon Rakiya. Da can farin zane ne kawai na sistoci. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da mijinta Armand ya rasu a nan, ta yanko ƙyalle daga rigarsa ta ɗinka a kai. Daga nan ya zama al'ada: duk wanda ya tafi, ni nake yanko ƙyalle kamar tafin hannu daga kayansa, tunda wurina kayan suke ƙarewa, ita kuma ta ɗinka. Ɗari biyu da goma sha ɗaya ne yanzu. Na mahaifiyata yana gefen hagu, ruwan ɗorawa mai furanni. Kusa da na Armand akwai gurbi guda fari fat, ba ta bari kowa ya taɓa shi.

Ta ce, "Ina ƙyallen Thibault?"

Na ce ai an hana rakiya.

"Rakiya na tambaye ki? Ƙyalle na ce. Kin tsufa kin fara kurumcewa, 'yar nan."

Na kawo mata daga rigarsa mai ja da baƙi. Tana ɗinki, tiyon iska a hancinta, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Da ƙafata na shigo ta ƙofar gaba, da hula a kaina. Ba za a fitar da ni tare da ɓawon dankali ba. Kin ji ni?"

Na ji ta. Me zan iya yi ne ban sani ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Wake da burodi, ni kaɗai. Ƙanƙara har gwiwa.

Talata, 4 ga Fabrairu

Wata takardar kuma. Daga watan Yuni wani kamfani ne zai riƙa kwashe wanki a mota, ɗakina za a rufe. An ce ƙila a mai da ni goge-goge, in na nuna hali nagari. Kuma duk wani zane da ba shi da tambarin kamfani a zubar da shi kafin Juma'a, wai saboda ƙwayar cuta. Mista Whitcomb da kansa ya leƙo ya nuna bargon da biro. "Har da wannan, Misis Cyr."

Yaro ne, bai fi talatin da biyar ba, kuma ba mugu ba ne. Kullum wayarsa a kunne yana "To, yallaɓai, to, yallaɓai." Shi ma takarda ake ba shi.

Na ninke bargon na cusa a injin busar da kaya na uku, wanda ya mutu tun bara. Ni da ko takardar tara ta ajiye mota ba daidai ba ban taɓa samu ba! Shekarata sittin da ɗaya, ga hawan jini, in na rasa aikin nan na rasa inshorar lafiya. Amma na kasa jefa rigar uwata a shara.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Noreen ta shigo da jarida tana huci, ludayi a ɗaya hannun. An kawo ƙudirin doka a majalisar jiha: kafin masu jari irin namu su sayi gidan jinya sai hukuma ta bincika ta amince, sai sun bayyana ko su wane ne, ba za su sayar da filin ba tare da izini ba, kuma akwai adadin masu jinya da ba a sauka ƙasa da shi. Ran sha biyu ga Maris za a yi zaman jin ra'ayin jama'a a Augusta, babban birnin jiharmu. Duk wanda ya rubuta sunansa za a ba shi minti uku.

Na ce, "Kowa-kowa?"

"Kowa. Har ke, in da kina da baki."

Dariya na yi. A cocinmu ko sanarwar taron cin wake ba na iya karantawa. Ranar aurena sai da fadan coci ya sa na maimaita "na yarda" don bai ji ba.

Noreen ba ta iya riƙe magana. Kafin abincin rana Meme ta ji, kafin la'asar ta sa an rubuta mata sunanta ta waya.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Meme tana atisaye da agogon dafa ƙwai na Noreen. Minti shida ta yi a karon farko, rabi duk zagin wani shugaban masana'antar takalma da ya mutu tun ina 'yar makaranta. Na ce a cire shi. Ta ce shi ne daɗin maganar.

Numfashinta ne damuwata. Jimla biyu, ta tsaya. Jimla biyu, ta tsaya.

Ta ce ni zan tura ta a kujerarta mai taya. Na ce ina da aiki. Ta ce ran sha biyun hutuna ne, ta duba. Tsohuwar nan!

Litinin, 3 ga Maris

Mista Whitcomb ya kira ni ofis. Da ladabi. Wai ba zai hana mazaunin gida fita ba, 'yancinta ne, amma ma'aikata su tuna suna wakiltar kamfani a duk inda suke, kuma ana duba sunayen waɗanda za a riƙe bayan Yuni. Bai ce komai ba, kuma ya faɗi komai.

Na ce masa kujera kawai zan tura. Kuma har zuciyata haka nake nufi.

Laraba, 12 ga Maris

Ban san ta ina zan fara ba. Har yanzu jikina bai dawo nawa ba.

Noreen ta tuƙa, motar cocinmu mai ɗaukar kujera. Meme ta sa hularta mai gashin tsuntsu, ta ce in ɗauko bargon. Na ce ai an zubar. Ta ce, "Injin na uku. Kin ɗauka ban san wanda ya mutu a gidan nan ba, mutum ko inji?"

Sau ɗaya na taɓa zuwa Augusta, sabunta lasin. Ban taɓa shiga ginin majalisa ba. Da muka shiga na ɗaga kai na ga cikin ƙubbar ginin, sama tana ta tafiya ba ta ƙarewa, haske yana zubowa. Dutsen ƙasan yana ƙyalli, ni kuma takalmin aiki ne a ƙafata, da tabon bilic na wanki. Na ce a raina, Darlene, me ya kawo ki nan? Abin da ya fi ba ni mamaki, ba wanda ya tambaye mu me muka zo yi. Kamar gidanmu.

A ƙofar ɗakin kwamiti wani mai gadi ya ga bargon a hannuna. Ya ce ba a shiga da allo ko tuta ko wani abin nuni, ƙa'ida ce. Meme ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, shekarata casa'in da uku, sanyi nake ji. Akwai ƙa'idar da ta hana tsohuwa rufe gwiwarta?" Sai ya karɓa da hannunsa ya shimfiɗa mata. Bargon ya zubo har ƙasa ta ko'ina.

'Yan kwamitin su goma sha uku, a wani teburi mai lanƙwasa. Na zaci zan ga manyan mutane masu tumbi. Ashe mutane ne kamar na layinmu. Noreen ta raɗa mini: wancan manomin dankali ne, waccan tsohuwar malamar firamare ce, ita ce shugaba, na ƙarshen can masunci ne. Na ga hannunsa, na yarda. A bango akwai agogo mai jan lamba, yana ƙirga minti uku baya-baya.

Lauyan masu jari ne ya fara. Kai, mutumin nan ya iya magana! Ya ce su ne masu ceton gidajen da suka kusa rufewa, in aka ɗaure musu hannu jari zai gudu, tsofaffi su rasa wurin kwana. Ko takarda bai duba ba, ya gama daidai lokacin da agogo ya buga sifiri. Na kusa yarda da shi, don gaskiya ne rufin Saint Odile yana yoyo kafin su zo. Har yanzu ma yana yoyo.

Awa biyu muna jira. Sai aka kira, "Jeannine Bolduc."

Na tura ta gaban makirufo. Ta faɗi sunanta da garinmu, Dunmore Falls. Ta ce ta ɗinka takalma shekara arba'in da ɗaya, ƙila har iyayen wasunsu sun taka aikinta. Aka yi dariya. Ta ce gidan da take zaune an sayar da shi sau ɗaya da ita a ciki, ba wanda ya ƙwanƙwasa ya tambaye ta. Ta ɗora hannu a kan bargon ta ce, "Waɗannan..."

Numfashin ya tsaya mata.

Ta buɗe baki, babu murya. Na ƙara mata iska. Lambobin suna ta sauka, minti ɗaya da rabi, minti ɗaya. Ɗakin tsit, ba ka jin komai sai sautin tiyon. Ta damƙi hannuna ta ce a hankali, amma makirufo ya ɗauka, "Darlene, ƙarasa."

Shugabar ta ce, da tausayi a muryarta, ƙa'ida ba ta yarda mutum ya ba wani lokacinsa ba, kuma sunana ba ya cikin jerin. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Na ji daɗi ƙwarai. Agogo ya buga sifiri, na kama kujera zan juya.

Sai masuncin nan ya ɗaga hannu. "Shugaba, ina da tambaya ga mai ba da bayani."

Ashe haka tsarinsu yake: minti uku na mai magana ne, amma in ɗan kwamiti ya yi tambaya, amsa ba ta da agogo. Ni ina na sani?

Ya ce, "Misis Bolduc, wancan ƙyallen mai ja da baƙi, a bakin gwiwarki, na mene ne?"

Meme ta ce, "Tambayi... mai wanki."

Shugabar ta kalli sauran, ba wanda ya ce a'a. Ta ce in faɗi sunana da garina.

Ban san muryar wa ta fito daga bakina ba. Na ce sunana Darlene Cyr. Na ce rigar Roland Thibault ce, mai yankan katako, sukari cokali uku, ya rasu a Janairu, kuma shi ne na farko da aka fitar ta wajen shara. Na ɗauka an gama.

Manomin dankali ya ɗaga hannu. "Shuɗin can fa?"

Na Sista Bernadette, ta ƙarshe a sistocin.

Wata mata daga tsakiya: "Mai furannin nan?"

Na ce uwata ce.

Haka suka yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda Noreen ta ce ba sa goyon bayan ƙudirin. Wancan fa? Wancan fa? Sai na lura ban manta ko ɗaya ba. Na san wanda ke ɓoye alewa a aljihu, na san wadda ba ta yarda a goge mata riga da sitati. Ni na wanke su duka, shekara da shekaru, ban taɓa sanin ina ɗauke da su a kaina ba.

Can shugabar da kanta ta tambaya me ya sauya tun da aka sayar da gidan. Na ce ni ban san doka ba, zanen gado na sani. Da can masu jinya huɗu ne a kowane bene, yanzu biyu. Da can zane yakan sauko mini da ɗan danshi. Yanzu yana saukowa ya bushe da fitsarin a jikinsa, ya yi zobe biyu, uku, ma'ana mutum ya kwana ya wuni a ciki. Na ce tun lokacin kaka nake ganin tabon jini daidai inda ƙugu yake kwanciya, a zannuwan ɗakuna tara, kuma da can in na ga ɗaya a shekara sai in hau sama in tambaya. Na ce 'yan matan ba malalata ba ne, gudu suke yi har suna kuka a bayi. Hannu ne babu.

Ba wanda ya motsa. Lauyan nan ya daina danna wayarsa. Wata can tana rubuta duk abin da na faɗa, wai za a adana shi a kundin majalisa har abada. Maganar zanen gado!

Noreen ta ce minti arba'in na yi. Ƙarya take, ina jin.

A mota Meme ta yi barci tun kafin mu fita gari. Da ta farka ta ce, "Kin manta shugaban masana'anta."

Juma'a, 14 ga Maris

Hotonmu a jarida. Bakina a buɗe kamar kifi. Mista Whitcomb ya wuce ni a baranda kamar bai san ni ba. Bargon ya koma injin na uku.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Kwamiti ya amince, tara da huɗu. Saura babban zaure. Amma wata 'yar majalisa ta bugo wa Meme waya ta gaya mata gaskiya: ko dokar ta wuce, cinikin da za a yi nan gaba za ta kama. Namu an riga an yi. Kuma babu layi ko ɗaya a cikinta da ya yi maganar ƙofa.

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Duk wannan tafiyar?

Meme ko a jikinta. "To da me kika zata? Majalisa ce za ta zo ta buɗe mini ƙofa? Ƙofa hannu take so, sakarya."

Takardar tana nan manne a ɗakin hutu.

Talata, 15 ga Afrilu

Sunayen waɗanda za a riƙe bayan Yuni sun fito. Ba ni. Na zata zan yi kuka. Na je na kunna inji na ɗaya.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Bayan coci na je wurinta. Ta daina cin abinci, sai ɗan romo. Ta sa na buɗe akwatinta na ciro koriyar rigar aikinta ta masana'anta, aljihun ya yi baƙi da man keken ɗinki. Ta ce daga aljihun zan yanka. Allura ta gagare ta yanzu, sai ta sa na gwada ɗinki a tsumma tana kallo.

"Wannan ɗinki ne ko tafiyar mashayi? Warware."

Sau biyar na warware. A na shida ta ce, "Armand ba zai lura ba, dama bai taɓa lura da komai ba."

Da zan fita ta ce, "Ta gaba, Darlene." Na ce to. Irin "to" ɗin da na ce wa Albert ne ko wani daban, ban sani ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ta rasu da safe, ƙarfe tara da 'yan mintuna, bayan an buɗe mata labule.

Kuma yau ce ranar da Aljanun Bene suka zo. Tun Litinin ake goge-goge. Su uku, da kwat, sun zo duba ginin tare da wani mai son saye. Ashe mutane ne. Ɗaya ma yana da mura.

Ƙarfe goma sha ɗaya na ga motar Albert ta zagaya baya. Ina tsaye gaban injin na uku, na fi minti biyar. Na ce wa kaina saura mako uku albashi, kuma takardar shaida nake buƙata daga hannun Whitcomb in nemi wani aikin. Na ce ta mutu, ba za ta sani ba. Duk na faɗa wa kaina.

Ƙararrawar tana cikin kabad ɗin tsintsiya. Ban san tana da nauyi haka ba, ban taɓa kaɗa ta ba, aikin babbar nas ne. Na tsaya tsakiyar baranda, bargon a kafaɗata. Sau uku.

Na ɗauka ba wanda zai fito.

Noreen ce ta fara, hannu duk fulawa. Sai 'yan matan bene na biyu. Sai ƙofofi suka fara buɗewa. Ikon Allah! Misis Pelkey da ta yi wata biyu ba ta sauka daga gado ba, ga ta da sandarta mai ƙafa huɗu. Masu kujeru suna tura kansu da ƙafa. Wanda bai san sunan 'ya'yansa ba, ya san ƙararrawar nan, ya fito ya jingina da bango daidai inda ya saba tsayawa. Wata huɗu ba a kaɗa ta ba, ba wanda ya manta gurbinsa.

Albert ya dube ni a ƙofar ɗaki na goma sha huɗu. "Takarda fa?"

Na ce, "Ni zan tura."

Muka lulluɓe ta, farin gurbin nan daidai ƙirjinta. Na ɗora hular a kai.

Mun zo falon gaba ke nan sai ga su sun fito daga ofis, Whitcomb a gaba yana nuna musu silin. Barandar ƙunci gare ta, babu inda za su bi. Dole suka ja baya suka manne da bango, tsakanin Misis Pelkey da mai goge ƙasa. Sun shiga layi ba su sani ba. Mai murar ya tambaya a hankali me ke faruwa, Misis Pelkey ta ce, "Rufe baki, yaro, Jeannine ce ke wucewa." Ya rufe. Hannunsa ma ya haɗe a gaba.

Whitcomb ya ce, "Misis Cyr." Fuskarsa ta yi ja.

Na ce, "Ƙofar tana da nauyi, Mista Whitcomb, hannuna biyu a gadon suke." A gaban kowa na faɗa, da ƙarfi, har na ji muryata ta dawo daga bango.

Ya kalli masu kwat. Ya kalli bargon. Wayarsa tana ta kuka a aljihu. Ban san tsawon lokacin ba. Sai ya taka ya tura ƙofar, ya tokare ta da bayansa.

Rana ta fito sosai a waje. Launukan nan ɗari biyu da goma sha biyu duk suka haska lokaci guda. Ban taɓa ganin bargon a rana ba.

Juma'a, 9 ga Mayu

An sallame ni, daga yau. Takardar ba sa hannun Whitcomb ba ne, daga sama ta zo. Shi ya raka ni har mota yana riƙe da kwalina, bargon a samansa, ya yi kamar bai gani ba. Noreen ta ce takardar ɗakin hutu ta ɓace, ba wanda ya san wa ya cire.

Ina tsoro. Maganin hawan jinina na wata ɗaya ne ya rage.

Laraba, 21 ga Mayu

Na ɗinka koren aljihun kusa da rigar Armand. Ya ɗan karkace. Na bar shi haka.

Bargon yana wurina, Noreen za ta bugo in an buƙace shi. Ta ce babbar nas ta mai da ƙararrawa kan teburinta, a fili.

Ta kuma ce ƙudirin ya samu gyara, an mayar da shi kwamiti, za a sake jin jama'a ran Talata. Masu jari suna so a cire maganar adadin masu jinya. Na ce Allah ya kyauta, ni na gama nawa.

Ba wai zan je ba ne. Suna kawai na rubuta, don kada gurbin ya cika. Agogon ƙwan ma Noreen ce ta manta shi a nan.

Na gwada jawabina da shi: minti uku da daƙiƙa ashirin. Sai na cire wani abu. Ba dai shugaban masana'anta ba.